Bijimin Saukar Hammadi

Akwai wani tsoho a bakin garin Illela wanda ba ya barin yaro ya wuce shi bai tsai da shi ya tambaye shi abin da yake so ba. Yaran sun saba, wani ya ce goriba, wani ya ce a bar shi ya hau jaki, wani ya ce shi dai a ƙyale shi ya wuce. Baƙi kan ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ba ita ba ce. Sunansa Jaɓɓo, maƙwabcina ne tun garin bai wuce tunga ba a kan hanyar Ƙonni, inda ayarin gishiri ke sauke kaya su shayar da raƙuma kafin su miƙa Sakkwato. Danga ɗaya ta raba gidana da nasa, ita ma awakina sun cinye rabinta.

Shi Bafillacen shanu ne da ya gaji da yawo ya kafa bukkoki kusa da gari. Ni kuwa jikan Barebari ne mai sayar da kanwa, saboda haka tun kafin a haife mu an riga an ba ni izinin in zage shi da safe in sha furarsa da rana. Ina ce masa Fullo, yana ce mini Ɗan Barno. Dogo ne siriri, kai ka ce sandar kiwonsa ce ta yi ƙafafu. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla ba. Nawa ma ba abin fita da shi kasuwa ba ne, a Tabbat na tsaya, malam ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya.

Daminar da matarsa Bilki ta haifi ɗansu na fari, ruwa ya tare wani malami da ke dawowa daga Ƙonni, ya sauka gidan Jaɓɓo. Malam Maccido ke nan, ɗan gidan alƙalai na cikin birnin Sakkwato. Zaurensa sananne ne, waɗanda suka zauna cikinsa su ne ke fitowa limamai da alƙalai, kuma ba kowa yake karɓa ba. Ya tarar da suna, ya yi wa jariri addu'a, aka sa masa Hammadi. Da zai hau doki ya ce in yaron ya sauke Alƙur'ani kafin azumi ya hau kansa, a kai masa shi ya karanta littattafai. Ina tsaye a wurin. Irin maganar nan ce da baƙo ke yi in ya sha nono ya ƙoshi. Jaɓɓo kuwa ya ɗauke ta ya ƙulle a bakin zani kamar laya.

Ba a yaye yaron ba ya je wurin masassaƙi ya sayo allo. Kunun farko da Hammadi ya sha da rubutu aka dama shi. Da ya fara tafiya, sa'o'insa na bin ƙadangaru tsirara, Jaɓɓo ya tafi ƙauyen Garu ya lallaɓo wani Malam Yari, ya yi masa bukka kusa da gidansa, ya ba shi saniyar tatsa, don kada nisa ya zama dalili. Na leƙa ta danga na ce, Fullo, ka bari ya koyi fyace majina tukuna. Ya ce mutanen Sakkwato tun suna goye suke jin karatu, ɗan makiyayi in bai riga su tashi ba ba zai cim masu ba. Ya hana yaron langa, ya hana shi bin yara wanka tafkin Kalmalo, ya hana shi ko raka shanu, wai kada kansa ya cika da daji.

Duk wannan hidimar da nake faɗa, Jaɓɓo bai taɓa duban yaron nan ido cikin ido ba. Ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari a wajen Fulani ba wasa ba ce. Ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Bilki ma haka, in yaron ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Sau da yawa Hammadi na zaune kusa da ƙafar ubansa, sai Jaɓɓo ya ɗago murya ta kan danga ya ce, Ɗan Barno, ka ce ma yaron ga ya tashi ya ɗauki allo. Ni kuma in juya in ce, yaron ga, wai in ji wani mutum da ke bayanka ka ɗauki allo. Muna dariya a lokacin. Mutum ɗaya ce a gidan ke da bakin magana da shi, kakarsa Inna Yelwa. Ita ce ke kiransa angonta, ta ɓoye masa cuku a cikin ƙwarya, ta zaunar da shi ta ji abin da ke cikinsa.

Ran suna an ba Hammadi karsana, kamar yadda suke yi wa kowane ɗa. Shekarar da aka sa shi allo ta haifi ɗan maraƙi mai fari a goshi, suka sa masa Wule. Kowa ya san al'ada, yaro in ya kai Sabbi a yanka kaza, in ya kai wani wuri a yanka akuya, ran da ya shiga Baƙara ya sauke a kayar da sa. Jaɓɓo ya shafa bayan maraƙin tun bai bushe ba ya ce wannan shi ne bijimin sauka. Ba sau ɗaya ya faɗa ba. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani, a ce masa ran da yaron ga ya sauke, ga namanku nan yana tafiya da ƙafafunsa.

Tun da an hana yaron abokai, aiki ɗaya aka yarje masa bayan allo, shi ne ba maraƙin nan dusa da harawa. Kanwar da yake lasa ma daga buhuna take fita, ba a taɓa biyana ba, ban kuma yafe ba. Tare suka girma. Akwai wata aduwa bayan gidan, nan Hammadi ke zama ya jingina da cikin Wule yana biya allonsa, shi kuma yana tuƙa kamar mai sauraro. In ya tafi wurin Malam Yari, bijimin ya bi shi ya tsaya a ƙofa har a tashi. Nakan ce wa Jaɓɓo ɗalibai biyu gare shi, kuma mai ƙahon ya fi shi da ni karatu.

Yaron kuwa Allah ya ba shi kai. Abin da wasu ke kwana suna wanke allo a kansa, shi kafin hantsi ya ɗauke. Ya wuce Amma, ya wuce Yasin, ya wuce rabi, haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba. Jaɓɓo ba ya yabonsa, amma ka gan shi yana tafiya a kasuwa kamar an ƙara masa tsawo, abin da ba ya bukata. Duk fataken da za su Sakkwato sai ya ba su man shanu su kai wa Malam Maccido, tare da labarin inda aka kai.

Sai Inna Yelwa ta rasu. Ba a daɗe ba yaron ya shiga Ali Imrana, saura sura ɗaya ke nan bayanta. Jaɓɓo ya raba Wule da garke ya kafa masa turke a ƙarƙashin aduwar don ya yi ƙiba, ya kira sarkin fawa ya zo ya duba. Mutumin ya zagaya bijimin, ya matsa tozonsa, ya daddanna cinya, yana lissafin unguwannin da naman zai kai. Hammadi na zaune a wurin da allonsa a cinya.

Daga ranar karatu ya tsaya cik. Allon da aka rubuta masa ya ƙi wankuwa. In ya zo biyawa gaban malam sai ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, gobe ya gyara nan ya faɗi a wani. Aka ce gajiya ce, aka ba shi kwanaki. Aka ce baki ne, aka yi turare. Aka ce iskar gindin aduwa ce, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Rubutun da yaron nan ya sha, da rijiya aka zuba shi da ta yi baƙi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana nan inda yake.

Jaɓɓo bai taɓa ɗaga hannu ya doke shi ba, kunya ba za ta bari ba. Abin da yake yi, da kansa zai je ya yanko tsumagiyar tsamiya, ya fere ta, ya aika wa Malam Yari, sannan ya zauna a bayan bukkar yana jin saukarta. Yaron ba ya kuka. Da yamma sai ka ji murya ta kan danga, wai Ɗan Barno ka tambayi wancan ko ƙwaƙwalwar jaki aka musanya masa. Ni kuma in ce, Fullo, kada ka zagi jaki, ga alama ni yaron ya gado. Bilki na jin komai daga bakin turmi. Tana ganin shatar bulala a bayan ɗanta in ya tuɓe, sai dai ta ajiye man shanu a inda zai gani, ta bar wurin. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce mi ke damunka. Mai yin wannan tana kabari.

Ana haka muryar yaron ta fara fashewa, gashin baki ya fara yi masa inuwa. Fatake suka zo da saƙo cewa Malam Maccido na gaisuwa, yana tambaya ko yaron nan na Illela har yanzu bai sauke ba, ga shi watan azumi na matsowa. Jaɓɓo ya daina cin abinci sosai. Ya je wurin Malam Yari, suka yi shawara, malamin ya ce wani lokaci sadaka kan buɗe abin da bulala ta kasa, tun da an riga an yi niyyar bijimin, a gabatar da shi. Jaɓɓo ya ƙara da nasa tunanin, cewa dama dabbar nan ce ke ɗauke wa yaron hankali.

Wata Alhamis, ranar da ba a karatu, ya roƙe ni in tafi da yaron kasuwar Amarawa ya kora mini jaki. Na yi mamaki, yaron da ba a bari ya leƙa ƙofar gari. Hammadi ya yi ta kalle-kalle a hanya, na saya masa ƙuli-ƙuli, ya ci rabi ya ƙulle rabi, ya ce Wule na so. Muka dawo rana ta karkata. Tun daga nesa muka hango ungulaye a kan aduwa. Da muka iso, ga fata an shanya an kafe ta da tsinke, ga mata na ta kai da kawowa da akussa, ga turke ba kowa sai igiya.

Yaron ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar ya naɗe ta a hannu, ya ajiye ƙullin ƙuli-ƙulin a gindin turken, ya wuce rijiya ya yi alwala. Daga nan ya miƙe bukkar Malam Yari ya durƙusa ya ce a ba shi Alƙur'ani. Malamin ya ce yau Alhamis. Ya ce ya sani. Aka buɗe masa, ya fara daga inda ya maƙale, ya bi Ali Imrana har ƙarshe, ya juya ya shiga Baƙara, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, bai ɗaga kai ba. Mutane suka taru har bayan danga. Kafin a kira magariba ya rufe.

Gari ya ɗauka, sadaka ta yi aiki. Mata suka yi guɗa, aka riƙa zuwa yi wa Jaɓɓo barka, shi kuma ya shige bukka don kada a ga haƙoransa a waje saboda ɗan fari. Na bi shi ciki na ce, Fullo, da ka sani da tuni ka yanka mini ɗaya ko na wuce Tabbat. Ya yi dariya har da hawaye. Na ci naman nan na ƙoshi, kowa ya ci. Hammadi kaɗai aka ajiye wa akushi har ya huce, aka ɗauke bai taɓa ba. Aka ce gajiyar karatu ce.

Jaɓɓo ya kai fatar wurin baduku ya yi masa gafaka, jakar da ake sa littafi, mai kyau, da ragowar gashin a jikinta. Da aka yi girbi muka kama hanyar Sakkwato mu uku, don dama lokacin kai kanwata ya yi. Yaron na gaba, uban na baya, ni a tsakiya ina isar da saƙo kamar kullum. Muka shiga birni muka tambayi zauren Malam Maccido. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma ya tuna nonon Illela. Ya sa aka miƙo wa yaron littafi, ya ce ya karanta nan, ya karanta can, ya tambaye shi abubuwan da ni ban san ma tambaya ba ne. Ya gyaɗa kai ya ce ya karɓe shi. Na ji numfashin Jaɓɓo ya sauka.

Sai tsohon ya ce ya ji labarin yaron ya daɗe a wuri ɗaya, kuma mai karatu irin wannan ba ya maƙalewa haka kawai. Ya juyo gare shi.

"Ɗiyana, mi yat tsai da kai?"

Hammadi ya dubi ƙasa. Ina jin tun rasuwar kakarsa ba wanda ya yi masa tambaya yana jiran amsa.

"Baba yac ce ran da nas sauke za a yanka Wule."

Malamin ya tambayi ko wane ne Wule, na gaya masa. Sannan ya tambayi yaron tun yaushe ya iya surorin. Ya ce tun kafin a kafa turken, yakan karanta su a gindin aduwa in ba kowa. Tsohon ya juya wajen Jaɓɓo.

"Kai ko, duk tsawon wanga lokaci ba ka tambaye shi ba?"

"Ɗan fari na, Allah shi gafarta Malam."

Malam Maccido ya sallame mu, kuma da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Da za mu fita Jaɓɓo ya miƙo mini gafakar in ba yaron. Hammadi ya karɓa da hannu biyu, ya shafa gashin sau ɗaya, ya mayar mini ya ce in gaya wa Baba ya gode, amma za a ba shi wata a nan. A hanyarmu ta komawa Illela, a bakin wata rijiya, Jaɓɓo ya ce shi da hannunsa yake fere tsumagiyar. Na nemi abin da zan tsokane shi da shi, ban samu ba.

Abin da ya nema ya samu. Hammadi ya zauna zauren nan, ya karanta littattafan da ake karantawa, ya zama Malam Hammadi, aka ba shi 'yar gidan malamai, har shari'a ake kiransa ya zauna. Duk Illela in za a yi wa yaro faɗa sai a ce dubi ɗan Jaɓɓo. Iyaye kan zo su tambaye shi yadda ya yi, da shekara nawa ya sa yaron allo, wane rubutu ya ba shi. Sai ya ce shanu na jiransa, ya tashi.

Bai sake sa naman sa a bakinsa ba, ko da Salla. Gafakar ya rataye a ƙyauren bukkarsa, inda sai ya sunkuya ta gefenta zai shiga. Na ce ya ba ni in zuba kanwa, ya ƙi. Ƙannen Hammadi kuwa ya sake su, sun yi langa, sun yi iyo a Kalmalo, sun yi karatu daidai gwargwado, ɗaya ma ya kusa kamo ni a daƙiƙanci. Tsakaninsa da Bilki ba a taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta daina ajiye man shanu a wancan gurbin, shi kuma ya sare aduwar. Kowace shekara in zan tafi birni sai ya ɗora mini gero da mai. Malam Hammadi kan karɓe ni da mutunci, ya tambayi lafiyar Baba da mahaifiyarsa da shanu, ya ba ni turmin zane in kai. In na dawo Jaɓɓo zai tare ni tun a ƙofar gari ya ce, ya ce wani abu? In ce ya gaishe ka. Ya ce bayan gaisuwar fa? In ce ya ce Babarbaren nan ya fi ka kyau. Sai ya yi murmushin dole ya juya.

So yake ya nemi yafiya, kowa ya gane. To ta wace ƙofa? Mutumin da bai taɓa kiran sunan ɗansa ba, yaya zai durƙusa masa? Sau biyu yana ɗaura wa jaki kaya zai bi ni, sau biyu yana saukewa. Ya ce in faɗa a madadinsa, na ce Fullo, na kai maka saƙon allo da na bulala, wannan kam ba ya shiga mangalata.

Bayan Bilki ta rasu Malam Hammadi ya zo gaisuwa, da rawani da ɗalibai biyu a bayansa. Ya zo da ɗansa na fari, Altine, ɗan mitsitsi wanda bai daɗe da barin nono ba, zai bar shi wurin kakansa kamar yadda aka saba. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Jaɓɓo na wasa. Jika abokin wasa ne, ba kunya tsakani. Ya ɗora shi a wuya, ya ce masa ɓarawon fura, yaron ya ja masa gemu. Uban yaron na zaune gefe a kan buzu, bai dubi inda suke ba.

Ana gobe zai koma, muna zaune da hantsi a ƙofar gida, Malam Hammadi ya sa ɗalibinsa ya kwance kaya ya fito da wani ɗan allo sabo, ko tawada bai taɓa gani ba. Bai miƙa wa ubansa ba, ni ya miƙa wa. Ya ce, Baba Ɗan Barno, a gaya wa Baba a sa yaron ga karatu cikin makon nan. Akwai wani babban malami a Gwandu da ya yi masa alkawarin wuri, amma sai wanda ya sauke da wuri yake karɓa. Ya ce a kula kada ya saba da yaran unguwa, kada kuma a bar shi bin shanu. Da ladabi yake magana, kansa a ƙasa. Yaron na kusa da gwiwarsa yana wasa da ƙasa, bai ambaci sunansa ba.

Na buɗe baki in ce ashe abin gado ne, sai na ga fuskar Jaɓɓo, na fasa. Ya dubi allon, ya dubi gafakar da ke rataye, sannan ya ɗago ya dubi ɗansa a ido.

"Hammadi."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ke wucewa da tulu ta tsaya. Malamin ya ɗago kamar wanda aka watsa wa ruwa, ina jin bai san yadda sunansa ke fita daga bakin nan ba.

"Ni na yi, ga ni ga abin da nas samu. Kai kada ka yi. Tambaye shi."

Mutumin da ke yanke wa manya hukunci a birni ya rasa yadda zai juya wuyansa wajen ɗan da bai kai tsawon turmi ba. Da ƙyar ya juya, ya ce da shi, kai, mi kake so? Yaron ya dube shi da mamaki, ya nuna jakina da ke ɗaure. Na ce to ga shi nan, jinin malamai ya ƙare a kan jakin Babarbare. Ba wanda ya yi dariya sai yaron. Uban ya tashi ya ɗauke shi da kansa ya ɗora a bayan jakin, ya riƙe shi suka zagaya gidan sau ɗaya, ɗalibansa na kallon sama kamar masu neman wata.

Washegari Malam Hammadi ya yi sallama kamar yadda ya saba, a durƙushe, da addu'a, ba a ƙara ko kalma ɗaya a kan ta jiya ba. Allon ya bar shi, bai kuma sake cewa a sa yaron cikin makon ba. Sai da suka yi nisa Jaɓɓo ya zo shiga bukka ya sunkuya kamar kullum, ya ga ba abin da zai kauce wa. Gafakar ba ta nan. Ba wanda ya ga lokacin da aka sauke ta.

Na ce masa, Fullo, ka huta, yafiyar ke nan, Hammadi ya ɗauki kayansa. Ya girgiza kai ya ce wataƙila, wataƙila kuma ba ya son Altine ya tashi yana kallonta ne. Na ce to in na je birni in tambaya? Ya ce a'a, wannan tambayar tasa ce, in Allah ya ba shi ƙafa. Har yau bai je ba. Allon na rataye a gurbin gafakar, Altine ya fara zubar da haƙora bai taɓa shi ba, kuma jiya da aka kawo wa Jaɓɓo naman suna daga ƙauyen Araba, ya buɗe ya ga na sa ne, ya turo mini ta kan danga.